Baƙo Raɓa Ne: Shin Ƙasa Tana Bin Mai Wucewa Bashi?

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Abin nufi shi ne, da zarar hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa. Da wannan magana ake lallashin mai gida ya yi haƙuri da ɗawainiyar baƙonsa, tun da yake ba daɗewa zai yi ba. Amma sau da yawa baƙon ne yake karɓe karin maganar ya mai da ita hujjar kansa, ya ce tun da ni raɓa ne, ina ruwana da gyaran wurin da zan bari gobe? Mu da muke karatu da koyarwa a nan Naraguta, mafi yawanmu irin waɗannan baƙi ne. Ɗalibi ya yi shekara huɗu ko biyar ya ɗaure kayansa. Malami kuwa ya yi shekara talatin, amma zuciyarsa tana wani gari inda yake gina gidan da zai huta a ciki. Saboda haka tambayar da wannan maƙala take so mu tsaya a kanta ita ce: shin ƙasar da mutum ya zauna a cikinta na ɗan lokaci, bai gaje ta ba, ba kuma zai bar wa 'ya'yansa ita ba, tana da wani haƙƙi a wuyansa? In kuwa tana da shi, ta yaya za a sa mutum ya ji nauyin wannan haƙƙi ba tare da an tsaya a kansa da bulala ba?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tuna cewa ƙasar da muke takawa ta ga wasu baƙin kafinmu. Sunan Naraguta ana danganta shi da Anaguta, waɗanda tare da Afizere da Berom suka daɗe suna noman acca a tsakanin waɗannan duwatsu. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. Labarin wannan kuza ne ya jawo hankalin Kamfanin Neja, har injiniyansa H. W. Laws ya kafa sansani a Naraguta tsakanin 1903 da 1904. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa, aka shimfiɗo ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Jos a 1914, garin kansa ya bunƙasa a kan kuza. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kawo su aikin tilas, da diga da shebur da kwanon sarki, cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Da yawa daga cikinsu ba su koma gida ba. Bayan haka harkar ta yi ta ja da baya sannu a hankali, har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985.

Kuza ta tafi, kuɗinta sun bi ta, amma ramukan suna nan. Duk wanda ya bi hanya daga Jos zuwa Bukuru ko Barikin Ladi zai ga tsibin ƙasa ja da fara, da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi waɗanda sukan ci yara da dabbobi. Tun ƙarshen shekarun 1940 hukuma ta fara yunƙurin cike wasu ramukan da dasa itatuwan turare a kansu, amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da aka ɓata. To, ga kamannin baƙon da ya ɗauki kansa raɓa ke nan. Sai dai ita raɓa ta gaskiya ba ta barin rami. Takan jiƙa ganye ta tafi, ciyawa ta wayi gari da ɗan sauƙi. Ashe baƙi iri biyu ne: akwai wanda in ya tafi ake ganin alherinsa, akwai kuma wanda jikokin mai gida suke biyan bashin zuwansa.

Yana da sauƙi mu la'anci waɗanda suka haƙa suka tafi, domin ba sa nan balle su kare kansu. Abin da ya fi wuya shi ne mu dubi namu ramin. Mu ba mu da injin haƙa, amma muna da leda da robar ruwa da kwandon shara da muke juyewa a kwata da dare. Ruwan sama na farko yana zuwa sai ya kwashe su ya kai kogin Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar gari ya biyo ta kusa da mu. Kaɗan ne daga cikinmu suka san inda wannan ruwa yake zuwa. Yana gangarawa ne ya shiga ƙasar Bauchi, ya zama wani ɓangare na kogin Jama'are, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, daga nan ya bi kogin Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Haka kuma kogin Kaduna da na Gongola duk daga wannan tudu suka samo tushe. Wato mu a saman rufin ƙasa muke zaune, kuma duk abin da aka zubar a kan rufi a tsakar gidan wani yake sauka. Wani lokaci ma ba ya yin nisa. A watan Yulin 2012, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta auka wa unguwanni irin su Rikkos da Gangare, ta kashe mutane fiye da 30, ta rushe gidaje masu yawa. Daga cikin dalilan da aka yi ta ambata akwai magudanan da shara ta toshe, da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa.

A wannan gari ba a iya maganar ƙasa ba tare da an taɓo gyambon da kowa ya sani ba. Tambayar wane ne mai ƙasa, wane ne baƙo, ta ci rayuka a Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, ta raba unguwanni da kasuwanni, ta sa maƙwabcin jiya ya zama abin tsoro. Ba manufarmu ba ce mu yanke hukunci a kan wannan shari'a, domin ta fi ƙarfin 'yan shafukan nan. Abin da kawai muke so mai karatu ya lura da shi shi ne, an zubar da jini a kan wane ne yake da ƙasar, amma ba mu taɓa jin an yi ko da cacar baki a kan wane ne zai yashe kogin ba. Wajen mallaka kowa yana miƙa hannu, wajen kulawa kuwa kowa yana nuna wani. Wanda aka kira baƙo yana cewa, tun da an ce ba tawa ba ce, masu ita su gyara. Wanda yake kiran kansa ɗan ƙasa yana cewa, waɗanda suka cika gari suka ɓata shi su ne za su gyara. A tsakanin waɗannan maganganu biyu kogin yana cikewa da leda. Ambaliya kuwa ba ta tambayar takardar shaidar asali kafin ta shiga ɗaki.

Ra'ayinmu shi ne, haƙƙin ƙasa ba ya jiran mallaka. Yana hawa kan mutum ne tun daga ranar da ya fara shan ruwanta da shaƙar iskarta, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masallaci da majami'a duk sun koya mana cewa ƙasa amana ce, kuma mai riƙon amana ba mai abu ba ne, amma shi ake tambaya in abu ya lalace. Sai dai yarda da wannan magana a baki ba ya hana hannu yar da leda. An gwada tilas. Shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984, ya shigo da matakin tsabtace muhalli a 1985, aka saba da hana zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun ga yadda abin yake: a fito da shara daga kwata a jibge a bakin titi saboda tsoron tara, ruwan sama ya zo ya mai da ita inda ta fito. Abin da aka koya shi ne tsoron jami'i. Tsoro kuwa yana ƙarewa ne daidai inda idon jami'i ya ƙare.

Idan tilas ba ta isa ba, wa'azi kuma yana shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan, me ya rage? Hausawa sun riga sun ba da amsa a wani fagen, inda suka ce zumunta a ƙafa take. Ɗan'uwan da ba ka zuwa wurinsa, ko cikinku ɗaya, sannu a hankali sai ya zama bare. Haka abin yake tsakanin mutum da ƙasa. Wanda iyakar saninsa da Naraguta daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lacca ne, sai tasha, ba zai ji zafin kogin da bai taɓa tsayawa a bakinsa ba. Wata Asabar cikin rani wasu daga cikinmu muka gangara bakin Dilimi, inda masu lambu suke noman latas da kabeji da karas da tumatir, irin waɗanda ake lodawa a kasuwar Farin Gada a kai garuruwa masu nisa. Muka tarar da wani dattijo a tsugune a gaban tulin tokar bola da zai zuba wa fangalinsa, yana tsince leda da fasassun kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Da hira ta yi hira sai muka gane filin ba nasa ba ne, aro aka ba shi. Ɗayanmu ya ce, "Baba, tun da filin aro ne, me ya sa kake shan wannan wahala?" Ya ce, "Ɗana, ai abin aro shi aka fi lallaɓawa, don ranar mayarwa tana nan zuwa." Abin da ya fi damunmu a ranar ba maganar ba ce. Ledar da yake tsincewa irin wadda muke yarwa ce kullum, kuma a karon farko muka ga fuskar wanda take faɗawa a hannunsa. Gani ya kori ji.

Wannan ita ce fa'idar fita fili tare da jama'a, kuma ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. Kimanin kilomita 15 daga tsakiyar Jos, kusa da ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum, mai faɗin kimanin hekta 300. Mutanen wurin ne suka tsare shi tun kaka da kakanni a matsayin wuri mai alfarma, shi ya sa gatari bai cinye shi ba. A farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin, bisa haɗin gwiwar Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya da al'ummar Laminga. An ƙirga nau'in tsuntsaye fiye da 300 a wannan ɗan daji. Daga cibiyar ne kuma aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, 'yan sa kai suna fita ƙungiya-ƙungiya suna rubuta tsuntsayen da suka gani. Da yawa daga cikin masu wannan fita ba masana kimiyya ba ne. Ɗalibai ne da ma'aikata da matasan gari waɗanda suka koyi tashi da asuba su yi shiru su saurara.

A cikin duwatsun Amurum akwai wata 'yar tsuntsuwa ja wadda masana ba su tantance ta a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1998. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu baƙi mai sheƙi, wanda matarsa ba ta yin sheƙa, sai ta saka ƙwanta a sheƙar 'yar jar. 'Ya'yan suna tashi tare da 'ya'yan mai gida, kuma baƙon yana koyon kukan mai masaukinsa ya riƙe shi har girmansa. Wannan kwaikwayon kuka yana cikin abin da ya ja hankalin masu bincike zuwa ga mai masaukin. Idan aka fasa duwatsun aka ƙone ciyawar har 'yar jar ta ɓace, baƙon ma ya ƙare, domin ba shi da wata sheƙar. Wanda ya taɓa zama a kan dutse ya ga waɗannan tsuntsaye biyu da idonsa, ba ya bukatar doguwar lacca a kan abin da baƙo yake bin mai gida da abin da mai gida yake binsa.

Haka nan tsaunukan Shere, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,800, suna nan gabas da mu, kuma a can ne cibiyar horon da aka fi sani da Man O' War take da makarantarta ta hawan dutse. Duk wanda ya taɓa hawa cikin ayari ya san cewa a wurin da dutse ya yi santsi ba a tambayar sunan wanda ya miƙo hannu. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Aikin gayya, wanda kakanninmu suke yi wajen noma da yashe rijiya da gyaran hanya, ba aikin kaɗai yake gamawa ba, yana kuma haifar da kunyar juna, wadda ita ce 'yar sandan da ba ya barci.

To, amma kada mu yaudari kanmu, akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko zai ce kallon tsuntsu da hawan dutse shagalin wanda ya ƙoshi ne. Matar da take fasa dutse a bakin hanya, da mai saran itace, da saurayin da yake shiga ramin kuza da igiya, ba jahilci ne ya kai su ba, yunwa ce. Wannan gaskiya ne, kuma duk fitar da za ta zama ta 'yan boko suna nuna talaka da yatsa gara a bar ta. Amma mu tuna cewa ambaliyar 2012 ba gidajen masu hali ta fara ci ba, kuma ruwan da ya gurɓace mai lambu ne yake tsoma ƙafa a ciki. Lalacewar ƙasa haraji ne da talaka yake fara biya. Saboda haka fitar da muke nufi ita ce wadda mai lambu da makiyayi da mafarauci za su zama malamai a cikinta, domin su ne suka san atili da ɗorawa da kaɗanya da marke, suka san lokacin da shamuwa take zuwa, suka kuma lura tun kafin masana cewa ungulu ta ƙaurace wa mayanka.

Na biyu zai ce mutum ba ya kula da abin da ba nasa ba, ya kawo misalin ƙasar Maraɗi. A can, lokacin da doka ta mai da itatuwa na hukuma, manomi yakan sare tsiro tun yana ƙarami don gudun rigimar malamin daji. Daga shekarun 1980, da aka fara abin da ake kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski, kuma manoma suka tabbata cewa amfanin itacen nasu ne, sai gawo da sauran itatuwa suka dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba kuma za mu musa ta ba. Amma abin da ta nuna shi ne mutum yana kula da abin da yake da rabo a cikinsa, rabo kuwa ya fi takardar fili faɗi. Dattijon bakin Dilimi ba shi da takarda, amma yana da rabo. Ɗalibin da ya sha inuwar itacen da wani ya dasa shekara talatin da suka wuce ya riga ya karɓi rabonsa tun kafin a tambaye shi. Saura biya.

Na uku zai ce, mun sha ganin irin wannan: a buga riguna da huluna, manya su zo su dasa itace, a ɗauki hoto, a watse, kafin wata ya zagayo awaki sun gama da shi. Wannan ma gaskiya ne, kuma ita ce cutar da ta fi kashe irin wannan aiki. Maganinta shi ne komawa. Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyarta ta dashen itatuwa a 1977 ta kuma sami lambar Nobel a 2004, tsarinta shi ne a ba mata ɗan lada a kan dashen da ya rayu, ba wanda aka binne kawai ba. Ma'aunin gaskiyar fita ba yawan waɗanda suka hallara ranar farko ba ne, yawan waɗanda suka dawo da bokitin ruwa a watan Maris ne, lokacin da ƙasa ta bushe kuma babu mai ɗaukar hoto.

Saboda haka abin da muke kira gare shi ba mai girma ba ne. Kowane aji ya ɗauki wani yanki ƙayyadadde na bakin kogi ko na harabar makaranta, ya san shi, ya riƙa komawa gare shi, in zai fita ya damƙa wa ajin da yake bi masa. A nemi izinin masu unguwa da dattawan ƙauye kafin a shiga, a tafi da matasansu, Musulmi da Kirista, a kuma kiyaye lokaci da wurin da hankali zai kwanta. Mu kuma ɗaliban harshe muna da namu aikin na musamman: mu fita da littafi da alƙalami mu rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da duwatsu da Hausa da harsunan Anaguta da Afizere da Berom, tun masu sanin suna da rai, domin abin da ya rasa suna ba a jin ɓacewarsa.

Babu shakka za mu tafi, kamar yadda waɗanda suka gabace mu suka tafi. Ko waɗanda suka gaji ƙasar, in aka yi dogon lissafi, su ma masu wucewa ne, ranar mayarwa tana jiran kowa. Bashin da kamfanonin kuza suka bari yana nan, kuma ya kamata a ci gaba da neman hukuma ta biya shi. Amma namu bashin ba wanda zai biya mana. Idan mun yarda cewa baƙo raɓa ne, to mu yi abin da raɓa take yi, mu bar wurin da ɗan danshi fiye da yadda muka same shi. Allah ya ba mu ikon sauke amana.